Waiwaye: Daga ina jayayyar Faransawa kan Napoleon ta samo asali?

Duk lokacin da wata rana ta tarihin Napoleon Bonaparte ta zagayo, sai Faransa ta rabu gida biyu. Ranar 5 ga Mayun 2021, da ya cika shekara 200 da mutuwa, shugaba Emmanuel Macron ya je kabarinsa a Paris ya ajiye furanni. Wasu suka ce haka ya dace da mutumin da ya kafa wa ƙasar ginshiƙanta, wasu suka ce bai kamata a karrama zamanin da aka maido da bauta a cikinsa ba. A birnin Rouen sai da aka kai ga jin ra'ayin jama'a kan ko a mayar da mutum-mutuminsa gaban ofishin magajin gari, masu rinjaye suka ce a mayar. Shekara guda kafin nan, a tsibirin Martinique, masu zanga-zanga sun tumɓuke mutum-mutumin matarsa ta fari, Josephine, wanda dama tun 1991 aka sare masa kai.

Akwai masu cewa wannan duk iskar Amurka ce ta kaɗo bayan zanga-zangar adawa da wariyar launin fata ta 2020. Ni ban gamsu da haka ba. Rigimar ta girmi duk masu yinta, kuma akwai lokacin da aka dasa ta.

Rayuwar mutumin dai sananniya ce. An haife shi a Ajaccio da ke tsibirin Corsica a 1769, shekara guda bayan tsibirin ya shiga hannun Faransa. Ya zama janar yana da shekara 24, ya yi suna a yaƙin Italiya, ya ci Masar da yaƙi a 1798, ya karɓi mulki da ƙarfin soja a Nuwamban 1799. A 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka naɗa shi sarkin sarakuna. Daga nan sai nasarar Austerlitz a 1805, sai masifar Rasha a 1812 inda rundunar da ta kai kimanin mutum 600,000 ta narke, sai faɗuwar ƙarshe a Waterloo ranar 18 ga Yunin 1815. A tsakani ya kafa babban bankin Faransa, da tsarin firefe, wato wakilan gwamnati a yankuna, da makarantun sakandare na lise, da jarrabawar kammala sakandare ta bakaloriya, da kundin dokokin zaman jama'a na 1804. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ba baƙo ba ne ga waɗannan, domin mulkin mallaka ya kawo su Nijar kuma har yau ana aiki da su.

Ɓangaren da ake ta da jijiyar wuya a kansa shi ne na 1802. Majalisar juyin juya hali ta soke bauta tun ranar 4 ga Fabrairun 1794. Amma arzikin tashoshin ruwa irin su Nantes da Bordeaux ya daɗe yana rataye a kan sukari da kofi na tsibiran Karibiyan, kuma da aka yi sulhu da Ingila, sai dokar 20 ga Mayun 1802 ta tabbatar da bauta a yankunan da aka dawo wa Faransa da su, daga baya aka maido da ita a Guadeloupe da Guyane. A Guadeloupe, hafsan soja Louis Delgrès da mutanensa kimanin 300 sun ta da albarushi suka mutu a Matouba maimakon su miƙa wuya. An kama Toussaint Louverture, jagoran tsoffin bayi a Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, ya rasu a kurkukun Fort de Joux a Afrilun 1803. Mutanensa suka ci gaba da yaƙi har suka kafa Haiti ranar 1 ga Janairun 1804.

Abin tambaya shi ne, ta yaya lamari mai girma haka ya shafe fiye da ƙarni ɗaya da rabi yana gefen labari? Amsar tana cikin shekara 25 da ba a cika waiwayarsu ba, daga 1815 zuwa 1840.

Lokacin da Ingila ta kai Napoleon tsibirin Saint Helena, can tsakiyar tekun Atlantika ta kudu, Faransawa da yawa sun gaji da shi. Ɗaruruwan dubban matasa sun mutu a fagen fama, sojojin ƙasashen waje sun yi sansani a cikin ƙasar, iyakokinta sun tsuke, ga diyyar yaƙi a wuya. Da a ce a wannan shekarar aka rufe littafin tarihi, da hukuncin ya yi tsanani. Sai dai shi yana da lokaci, yana da masu rubuta abin da ya faɗa. A gidan Longwood, inda aka tsare shi, ya riƙa ba da labarin rayuwarsa ga 'yan tsirarun da suka biyo shi. Ɗaya daga cikinsu, Emmanuel de Las Cases, ya zauna da shi har ƙarshen 1816, kuma a 1823, shekara biyu bayan mutuwar Napoleon, ya fitar da littafin Mémorial de Sainte-Hélène, wanda ya shiga sahun littattafan da aka fi saye a Faransa a wancan ƙarni.

Napoleon na cikin wannan littafi ɗan juyin juya hali ne, mai kare daidaito, wanda sarakunan Turai suka tilasta wa yaƙi, yanzu kuma yana shan wahala a kan dutse cikin teku. Maganar Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, ta fito a ciki, amma a matsayin kuskuren lissafi na siyasa. Akwai ma labarin wani dattijon bawa mai suna Toby, mai aikin lambu a tsibirin, wanda Napoleon ya so ya fanshe shi. Mai karatu zai tashi da tausayin bawa ɗaya a zuciyarsa, ba tare da ya ji muryar dubban da aka mayar cikin sarƙa a Guadeloupe ba. A 2017 masana suka buga wani kwafi na rubutun farko da aka gano a babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka ga cewa abin da aka buga a 1823 ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ke nan an yi ta ƙari da gyara kafin labarin ya isa hannun jama'a.

Littafi kaɗai ba zai yi wannan aiki ba in da ƙasa ba ta jiƙa ba. Tsoffin hafsoshi da aka sallama a kan rabin albashi suna zaune a garuruwansu cikin ƙunci. Tsoffin sojoji suna ba yara labarin Masar da Moscow a wurin hira. 'Yan koli suna yawo ƙauye-ƙauye da hotunansa masu araha. Matasan da aka haifa bayan yaƙi ba su ga gawawwaki ba, sun dai ga ƙasarsu ta koma baya a idon Turai, ga mulkin gidan sarautar da ya dawo a ƙarƙashin inuwar sojojin waje. Masu son jamhuriya suka riƙe sunansa don adawa, masu kewar ɗaukaka suka riƙe shi don alfahari. Kowa ya ɗauki abin da yake bukata ya bar sauran.

Bayan juyin 1830, sabuwar gwamnatin sarki Louis-Philippe ta tarar da wannan shauƙi ya riga ya cika gari. A 1833 aka mayar da mutum-mutumin Napoleon kan ginshiƙin dandalin Vendôme. A 1836 aka kammala ƙofar nasara ta Arc de Triomphe da aka fara tun 1806. Sai babban lamarin, a Mayun 1840, lokacin da aka sanar wa majalisa cewa Ingila ta amince a ɗauko gawarsa. Dama a wasiyyarsa ya nemi a binne shi a bakin kogin Seine, cikin al'ummar Faransa. Majalisa ta ware faran miliyan ɗaya. Jirgin ruwan yaƙi Belle Poule ya tashi daga Toulon a watan Yuli ƙarƙashin ɗan sarki, Yarima Joinville. Ranar 15 ga Oktoba aka tone kabarin, aka buɗe akwatin, waɗanda suka san shi suka shaida kamanninsa. Ranar 15 ga Disamba, cikin tsananin sanyi, aka ratsa da shi ta ƙarƙashin Arc de Triomphe zuwa Invalides, gidan tsoffin sojoji da ke Paris inda kabarinsa yake, ɗimbin jama'a na tsaye a bakin hanya.

Ya kamata a tsaya a dubi halin da daular take ciki a wannan rana. Bauta tana nan daram a Martinique da Guadeloupe da Guyane da Réunion da Senegal. Sai a 1848 za a soke ta, a 'yanta kimanin mutum 250,000. Haiti na fama da biyan diyyar faran miliyan 150 da aka ɗora mata a 1825, wadda aka rage zuwa miliyan 90 a 1838, kuɗin da za a ba tsoffin masu gonaki. A Aljeriya kuma yaƙin mamaya ne ake yi da Amir Abdulƙadir. Al'ummar da ke cikin wannan hali ba za ta ga dokar 1802 a matsayin tabo ba, domin abin da dokar ta tanada shi ne abin da ake rayuwa a kai. Waɗanda za su iya kawo ƙorafi kuwa ba su da ƙuri'a, ba su da jarida, ba su da kujera a majalisa. An yanke hukuncin yadda za a tuna da zamanin nan ne a zaman da ba a gayyace su ba.

Kabarin da aka kammala a 1861 ya mayar da wannan zaɓi dutse. A ƙasa an rubuta sunayen yaƙe-yaƙe takwas na nasara, daga Rivoli da Dalar Masar zuwa Wagram da Moskowa. A jikin bango an sassaƙa ayyukan mulki, irin su kundin dokoki da jami'a da majalisar shawara ta ƙasa. Duk abin da ke wurin ya faru da gaske. Amma ɗan makarantar da aka kai ziyara zai fito bai san akwai wani wuri da ake kira Matouba ba.

Tasirin abin bai jima ba ya bayyana. A Disamban 1848 ɗan ɗan'uwansa, Louis-Napoleon, ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da kusan kashi 74 cikin 100, galibi albarkacin suna, kuma a 1852 ya zama Napoleon na Uku. A Mayun 1871 'yan tawayen Paris suka kifar da ginshiƙin Vendôme, bayan 'yan shekaru aka sake ta da shi. Don haka karya mutum-mutumi da mayar da shi ba sabon abu ba ne a wannan batu. Sai dai jayayyar wancan lokaci ta tsaya ne a kan mulkin mutum ɗaya da yawan yaƙi. Maganar mata ma, waɗanda kundin 1804 ya sa a ƙarƙashin ikon mazajensu, ta ɗauki lokaci, domin sai a 1965 matar aure ta sami damar yin aiki ko buɗe asusun banki ba da izinin miji ba.

Mutanen tsibiran ba su taɓa mantawa ba. A Haiti ranar 18 ga Nuwamba, ranar yaƙin Vertières na 1803, hutu ce ta ƙasa. Abin da ya yi jinkiri shi ne isowar wannan sani Paris. Sai a 1998 aka rubuta sunayen Toussaint Louverture da Louis Delgrès a bangon Panthéon, inda ƙasar ke karrama manyan 'ya'yanta. A 2001 majalisa ta zartar da dokar da 'yar majalisa Christiane Taubira ta Guyane ta gabatar, wadda ta ayyana bauta da cinikin bayi a matsayin laifi ga bil'adama, ta kuma nemi a ba su gurbi a manhajar makarantu. Daga 2006 aka fara tunawa da bauta da soke ta a ranar 10 ga Mayu kowace shekara. Yaran da suka fara karatu a ƙarƙashin wannan manhaja su ne suka kai shekarun yin magana a 2021, suka tarar da labarin da aka tsara tun 1840 yana nan yadda aka bar shi.