Rumfar leda ko gidan gilashi: wanne ya fi dacewa da lambu?

Mene ne ainihin bambancin da ke tsakaninsu?

Manufarsu ɗaya ce, wato a killace shuka a ƙarƙashin rufin da hasken rana ke ratsawa, ta yadda iskar da ta ɗumama a ciki ba za ta tsere ba, kuma ruwan sama da ƙanƙara da guguwa ba za su taɓa amfanin ba. Rumfar leda ana yin ta ne da bututan ƙarfe da aka lanƙwasa kamar baka, a kafa su a jere, a lulluɓe su da leda falle ɗaya, sannan a binne gefunanta a ƙasa ko a matse su da katako. Gidan gilashi kuwa gini ne na dindindin, mai tushe da firam na alminiyam ko katako, da tagogi a rufinsa.

Gilashi ya riga leda shiga wannan fage da ɗaruruwan shekaru, domin sai a 1948 ne Emery Emmert na Jami'ar Kentucky a Amurka ya fara rufe gidan shuka da leda. A yau manoman Westland a ƙasar Holan sun riƙe gilashi, yayin da a Almeriya ta Sifaniya leda ta rufe fiye da hekta 30,000, har ana hango farinta daga sararin samaniya.

Wanne ya fi riƙe ɗumi?

Da rana kusan kunnen doki ne, amma da dare gilashi ya fi. Dalili kuwa shi ne, bayan faɗuwar rana ƙasa tana sakin zafin da ta sha a matsayin wani haske da ido ba ya gani. Gilashi yana tare wannan haske, amma leda ta gama-gari tana barin mafi yawansa ya fice. Shi ya sa a daren da sama ta yi tas babu gajimare, cikin rumfar leda kan yi sanyi daidai da waje, wani lokaci ma har ya ɗan zarce, abin da kan ba sabon mai lambu mamaki idan ya duba ma'aunin zafi da asuba. Akwai ledar da ake haɗa ta da sinadarai don rage wannan asara, kuma ta cancanci nema. Duk da haka, kada a ɗora wa gilashi abin da ba zai iya ba: a inda sanyi ke daskarar da ruwa, gilashi falle ɗaya ba zai ceci shuka mai rauni ba sai an sa na'urar ɗumama ɗaki. Fifikonsa shi ne, idan an ɗumama shi zafin ba ya saurin salwanta.

Haske fa?

Gilashi mai tsabta yana shigar da kimanin kashi 90 cikin ɗari na hasken rana, sabuwar leda kuma ba ta yi masa nisa ba. Sai dai leda tana warwatsa hasken, ya kai ga ganyen ƙasa kuma ya rage ƙunar ganyen sama, amma tana dusashewa da tsufa da ƙura da gansakuka, don haka sai an riƙa wanke ta.

Me ya fi halaka shuka a cikinsu?

A ganina wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi, domin zafi da damshi sun fi sanyi ɓarna. Duk wanda ya taɓa shiga rumfar leda da sassafe ya san yadda raɓa ke rataye a cikin ledar kamar duwatsun wuya, da zarar kafaɗarsa ta bugi ƙarfe sai ta zubo masa a ƙeya. Wannan ruwan haka yake ɗiga a kan ganye dare bayan dare, kuma ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne abincin fumfuna, musamman mai launin toka wadda ke ruɓar da kara da 'ya'ya. Da hantsi kuma sai lamarin ya juya, zafi ya haura cikin ƙanƙanen lokaci. Idan ya wuce digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, garin furen tumatir yana lalacewa, furen ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, alhali shukar tana nan kore shar kamar babu abin da ya same ta.

A nan gidan gilashi ya yi zarra. Iska mai zafi sama take tashi, tagogin rufi kuma suna ba ta hanyar fita, shi ya sa ake ba da shawarar faɗin tagogin ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na faɗin ƙasan ginin. Akwai ma wata 'yar na'ura da ba ta buƙatar lantarki: bututu ne cike da kakin da ke kumbura idan ya ji zafi, ya tura tagar ta buɗe, idan gari ya yi sanyi ya koma ta rufe. Rumfar leda kuwa galibi ƙofofin bakinta biyu ne kaɗai mafitarta, kuma idan ta yi tsawo iskar tsakiyarta tsayawa take yi cik. Maganin wannan shi ne a sa ƙofa mai faɗi a kowane baki, a yi gefen da ake naɗewa da raga a bayansa, kuma a buɗe ta tun kafin rana ta ɗaga.

Wanne ya fi ƙarko?

Gilashi yana iya shekaru gommai idan bai fashe ba, kuma inda yara ke wasa gara a sa mai tauri, wanda ke marmashewa maimakon ya tsage ya zama wuƙa. Ledar rumfa mai kaurin maikiron 180 zuwa 200 (wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita), wadda aka ƙarfafa don jure rana, takan yi kimanin shekara biyar kafin a sauya ta, ko da yake ƙarafan suna nan. Abubuwa biyu ke rage mata kwana. Na farko, ƙarfen da ya yi zafi yana gasa ledar a daidai inda suka haɗu, shi ya sa ake manna masa tef mai laushi kafin a rufe. Na biyu, ledar da ba ta ɗame ba tana kaɗawa a iska har ta yage, don haka a ranar ɗumi ake ja ta, lokacin da take miƙewa.

To, wa ya kamata ya zaɓi wanne?

Da kuɗi daidai wa daida, rumfar leda tana rufe fili mai yawa fiye da gilashi nesa ba kusa ba, kuma ana shuka a cikin ƙasarta kai tsaye, a shiga da baro, a jujjuya amfani daga kunya zuwa kunya, har ma a ciccire ta a kai wani wuri idan cuta ta taru a ƙasar. Wanda ke son girbi mai yawa, yana da fili, kuma zai iya leƙa ta safe da yamma, ita ta fi masa. Wanda aikinsa renon iri ne da shuke-shuken tukunya, ko filinsa ƙarami ne, ko yana wuni ba ya gida, gilashi mai taga mai buɗe kanta zai fi ba shi kwanciyar hankali. Ko wanne aka ɗauka, a tuna cewa ruwan sama ya daina sauka a wannan ƙasa, saboda haka ban ruwa ya koma wuyan mai lambu baki ɗaya, kuma gishirin taki zai riƙa taruwa a saman ƙasar sai an kwarara mata ruwa sosai bayan kowane girbi don ya wanke shi.