Me ake nufi da durƙushewar babban layin lantarki?

Duk lokacin da guguwa mai ƙarfi ta ratsa wani yanki, labarai kan zo da maganganu biyu da mutane ke cakuɗawa: wani ya ce an ɗauke wuta, wani ya ce babban layin lantarki ya durƙushe. Ma'anarsu ta bambanta. Ɗauke wuta yana iya zama reshen bishiya ne ya faɗo kan waya, unguwa ɗaya ta shiga duhu, ma'aikata su zo su gyara kafin dare. Durƙushewa kuwa ita ce tashoshin samar da wuta, da manyan wayoyin da ke dakonta, da tiransifomomin da ke rarraba ta, duk su tsaya cik a lokaci guda, a jiha sukutum ko ƙasa baki ɗaya.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne guguwa ba ta buƙatar karya komai da komai kafin hakan ta faru. Ta karya kaɗan ma ya isa.

Dalilin yana cikin halin wutar kanta. Babban layi ba rumbu ba ne da za a tara wuta a riƙa ɗiba. Abin da injina suka samar a wannan daƙiƙar, shi ake sha a wannan daƙiƙar. Injinan kuma duk suna juyawa ne da bugu ɗaya, sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, sau 60 a Amurka da Kanada. Idan masu sha suka rinjayi abin da ake samarwa, bugun sai ya fara sauka. Kamar mutum goma ne suka tallabi gungume: biyu suka zame, nauyin ya koma kan takwas, na uku ya ga kafaɗarsa za ta goce ya saki, kafin ƙiftawar ido gungume yana ƙasa. Kowane inji da kowace babbar waya suna da na'urar kariya da ke cire su daga layi idan nauyi ya wuce kima, don kada su ƙone. Kowace na'ura ta yi aikinta daidai, amma jimillar aikinsu duhu ne.

Haka aka yi a jihar Kudancin Ostareliya ranar 28 ga Satumba, 2016. Guguwa ta kayar da hasumiyoyin ƙarfe, manyan layuka uku suka fita daga aiki. Girgizar da ƙarfin wuta ya yi ta sa na'urorin kariya na tashoshi tara masu samar da wuta da ƙarfin iska suka rage abin da suke bayarwa, megawat 456 suka ɓace cikin 'yan daƙiƙu. Nauyin ya koma kan layin da ke jawo wuta daga maƙwabciyarta Victoria, shi ma ya kasa ɗauka ya yanke. Jihar gaba ɗaya ta mutu, gidaje da wuraren kasuwanci kusan 850,000. An yi ta cacar baki a siyasance kan ko laifin wutar iska ne, alhali bincike ya nuna yadda aka saita na'urorin kariyar ne ya ƙara dagula al'amarin, kuma an sauya saitin daga baya.

Jihar Texas ta Amurka ta tsallake rijiya da baya a Fabrairun 2021, kuma a nan ba iska ba ce, sanyi ne. Bututun gas da kayan tashoshi suka daskare daidai lokacin da jama'a suka kunna na'urorin ɗumama gida. Da tsakar daren 15 ga wata bugun ya faɗi ƙasa da 59.4. Da ya kai minti tara a haka, da injina sun fara ficewa da kansu. Minti huɗu da daƙiƙa 37 suka rage. Masu kula da layin suka yanke wa gidaje sama da miliyan huɗu wuta da gangan. Wanda ke rawar ɗari a ɗakinsa ba zai ga hikimar hakan ba, kuma mutane fiye da 200 sun rasu a wannan sanyin, amma da an bari layin ya durƙushe, da makonni za a yi ana lissafi, ko ma watanni. Texas ta zaɓi ta riƙe layinta kusan a ware daga sauran Amurka, don haka babu maƙwabcin da zai turo mata wuta mai yawa.

Tayar da layin da ya durƙushe aiki ne mai wuyar sha'ani, domin babbar tasha ita ma sai da wuta take tashi: famfunanta da injinan sanyayarta duk lantarki suke ci. Sai a fara da ƙaramin janareta ko tashar madatsar ruwa, a tayar da tasha ɗaya, a jona mata masu sha kaɗan kaɗan, sannan a haɗa yanki da yanki bayan bugunsu ya daidaita. Aka yi gaggawa, sai a koma gidan jiya.

Wannan ma idan wayoyin suna nan ke nan. A tsibirin Puerto Rico, guguwar Maria ta 20 ga Satumba, 2017 ta kwantar da layukan da ke tsallaka duwatsu daga manyan tashoshin kudu zuwa biranen arewa. Sai da aka shafe kusan wata 11 kafin gidaje na ƙarshe su ga haske.

Akan ce me zai hana a binne wayoyin a ƙasa a huta. Ana yi, kuma yana maganin iska da bishiya, sai dai kuɗinsa ya ninka na wayar sama sau da yawa, gano inda ta lalace kuma yakan ɗauki lokaci. Ruwa ma ba ya raga mata: a 2012 guguwar Sandy ta turo ruwan teku cikin wata tashar rarraba wuta a tsibirin Manhattan na birnin New York, inda wayoyi ke binne tun da daɗewa, kudancin tsibirin ya kwana huɗu a duhu.