Dokar Debian ta hana sabuntawa mai karya abin da ke aiki

Debian, babbar manhajar kwamfuta ta kyauta wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, takan fitar da tsayayyen zubi kusan duk bayan shekara biyu. Debian 12, mai laƙabin bookworm, ta fito ranar 10 ga Yunin 2023, Debian 13 kuma, wato trixie, ranar 9 ga Agustan 2025. Da zarar zubi ya fito, doka ɗaya takan hau kansa: ba a shigar da sabuntawar da za ta sauya halin manhaja har abin da mutane suka gina a kanta ya daina aiki.

Wanda ya girka bookworm ya samu harsunan rubuta manhaja Python 3.11 da PHP 8.2, kuma da su zai zauna har ƙarshen wa'adin zubin, ko da sababbi sun fito a waje. In an gano ɓarakar da masu kutse za su iya bi, ba a ɗauko sabuwar sigar gaba ɗaya. Ana ciro gyaran ne shi kaɗai a dasa a cikin tsohuwar. Shi ya sa lambar sigar ba ta motsawa, sai ɗan ƙari a ƙarshenta kamar +deb12u1.

Gyaran da ba na tsaro ba kuwa, mai kula da manhajar ba shi da ikon tura shi kai tsaye. Sai ya nemi izinin manajojin zubin, ya nuna musu kowane layi da ya taɓa da dalilinsa. Gyaran ya zauna a rumbun proposed-updates a gwada shi, kafin ya shiga ƙananan zube-zube irin su 12.1 da 12.2 da ake fitarwa kusan duk wata biyu. Gyaran matsala mai tsanani ake karɓa, kamar asarar bayanai ko manhajar da ta ƙi girkuwa. Sabon fasali, komai kyansa, sai ya jira zubi na gaba.

Dalilin dokar ne ya fi damuna a fahimta. Kwamfutocin jami'a ko asibiti da yawa suna sabunta kansu cikin dare ba kowa a kusa. In sabuntawa ɗaya ta sauya tsarin fayil ɗin saituna, aka wayi gari rajistar marasa lafiya ba ta buɗewa, mai kula da su zai kashe sabuntawar baki ɗaya, kuma ba zan ga laifinsa ba. Daga nan ƙofa ta buɗe wa masu kutse. Sai mutum ya tabbata gyara ba zai karya masa komai ba sannan zai riƙa karɓarsa a kan lokaci.

Akwai togaciya. Manhajojin buɗe shafukan intanet Firefox ESR da Chromium sukan samu sababbin sigogi domin ciro gyaransu ɗaya-ɗaya ya fi ƙarfin ma'aikata. Bayanan agogon ƙasashe da manhajar kama ƙwayar cuta ta ClamAV ma ana sabunta su ta wani rumbu mai suna stable-updates.

Farashin dokar a fili yake: manhajoji sukan tsufa. Mai buƙatar sabuwar siga yana iya kunna rumbun backports, inda ake ajiye sababbin sigogin da aka daidaita da tsayayyen zubi, da hannunsa, ya zaɓi abin da yake so kaɗai. Manyan sauye-sauye kuwa ana tara su ne a sabon zubi, a rubuta su a takardar bayaninsa, kuma tsohon zubi yana samun gyaran tsaro na kimanin shekara biyar daga ranar fitowarsa in an haɗa da shirin LTS na tsawaita tallafi, wanda ya ishi mutum ya gwada kafin ya ƙaura.