Masu zane ba jiya suka fito kan titunan Legas ba

Har yanzu ana tafka mahawara a majalisun 'yan Arewa a Agege da Obalende da Idi-Araba kan samarin nan masu zuwa a ƙungiya da fenti da kyamara da farin ƙyalle, suna roƙon mai shayi da ɗan dako su sa hannu a aikinsu. Wasu dattawa na cewa baƙuwar shiririta ce aka shigo da ita kwanan nan. Wasu kuma na tambayar wa ke cin riba in an ɗauki hoton mutum a bakin sana'arsa. Tambayar riba tana da nauyi, amma batun baƙunta bai yi daidai da tarihi ba.

Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, cikinsu da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka haɗa kai don su daina kwaikwayon Turawa. Ƙungiyar Mbari ta marubuta da masu zane ta biyo baya a Ibadan a 1961, FESTAC kuma, bikin al'adun baƙar fata na duniya, ta cika Legas a 1977. Daga nan zane ya fi zama a ɗakunan nuni na Ikoyi da Victoria Island, inda talaka ba ya shiga sai in kaya ya kawo. Bisi Silva ta buɗe cibiyar zanen zamani ta CCA a Yaba a 2007, bikin LagosPhoto kuma ya fara a 2010, yana kafa manyan hotuna a fili.

Abin da masu mahawara suka fi mantawa shi ne 2017, lokacin da Folakunle Oshun da abokan aikinsa suka shirya bikin baje kolin zane na Lagos Biennial karo na farko a tsohuwar rumfar jiragen ƙasa ta Ebute Metta. Ba wurin da aka share aka fesa turare ba ne. Taragu ne da suka yi tsatsa, ciyawa ta rufe dogo, kuma akwai iyalai da ke zaune a ciki saboda ba su da inda za su. Mai zane da ya zo kafa aikinsa sai ya tarar da tukunya a kan murhu da wanki a kan igiya, yara na wasa tsakanin taragu. Dole ya yi sallama, ya yi bayani, ya nemi yarda. A ganina a nan ne lamarin ya juya: mazaunin wuri ya tashi daga ɗan kallo ya zama wanda ake shawara da shi. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa jin wurin a jiki, domin wannan dogon ne ya yi shekaru yana kai goro Arewa, yana sauko da shanu da iyayenmu.

Bikin Lagos Biennial ya koma dogon benen Independence House a 2019, sannan Dandalin Tafawa Balewa a 2024, ƙananan ƙungiyoyi kuma suka bazu cikin unguwanni, ga tsadar haya ta hana yawancinsu mallakar ɗakin nuni.

Inda ake samun tangarɗa a unguwanninmu shi ne wasu sun ɗauki fita titi, sun bar sallamar. Bayani da Turanci ko Yarabanci ake yi, ba a biyo ta wurin Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa ba, ba a kuma gaya wa mai shayi inda hotonsa zai je ba. Dattijon da aka ce wa ya dangwala tafinsa a fenti ana dab da kiran la'asar, ba wanda ya ce masa "Baba, ga abin da muke nufi", ƙi zai yi, kuma yana da gaskiya.