Waƙoƙin gwagwarmaya a Sudan

Waƙoƙin gwagwarmaya a Sudan su ne waɗanda ake rerawa don bijire wa mulkin soja ko kiran ƙabilun ƙasar su haɗa kai. Galibinsu da Larabcin Sudan ake yin su, kuma sau da yawa marubuci ne ke tsara baitoci, mawaƙi ya sa musu murya.

Tarihi

Tushensu na zamani yana komawa ga juyin juya halin Oktoban 1964, wanda ya kifar da Janar Ibrahim Abbud. Muhammad Wardi, ɗan ƙabilar Nubiyawa ta arewacin Sudan da aka haifa a 1932, da Muhammad al-Amin sun rera waƙoƙin da har yau ake kira na Oktoba. Wardi ya sha ɗauri a zamanin mulkin soja na Ja'afar Numairi, haka ma Mahjub Sharif da ya rubuta masa baitoci da dama. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 Wardi ya yi gudun hijira, bai dawo ba sai wajen 2002. Ya rasu a Khartum a 2012.

Shekarun 1990 su ne mafi tsanani. An takura wa taron kiɗa, aka ƙayyade lokacin tashi daga biki. A 1994 wani mutum ya daɓa wa mawaƙi Khojali Usman wuƙa a Umdurman, ya rasu. Duk da haka kaset ya ci gaba da yawo hannu da hannu.

Zaman dirshan na 2019

Daga 6 ga Afrilu matasa masu neman al-Bashir ya sauka suka yada zango a ƙofar hedikwatar soja a Khartum, wasu suna buga ƙarafan gadar jirgin ƙasa da duwatsu dare da rana, suna taken cewa Sudan duka Darfur ce, don nuna goyon baya ga wannan yanki na yammacin ƙasar da ya sha yaƙi. Mawaƙi Ayman Mao ya dawo daga Amurka ya rera waƙarsa ta jinin waɗanda aka kashe. An watsa taron da harsashi ranar 3 ga Yuni.

Sulhu

A Darfur akwai hakkamat, mata masu zuga maza zuwa yaƙi. Wasunsu sun koma waƙar zaman lafiya, ko da yake ana saɓani kan tasirin hakan.

Hausawan Sudan

Hausawan Kasala, Gadarif da Mai Wurno suna alfahari da A'isha al-Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Hausa. Tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, lokacin da ake ganin waƙar mace a fili abin kunya ne. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974.