Tsohuwar uwar maƙera ta faɗo hannuna, in gyara ta ko in fara ƙira a haka?

Masu koyon ƙira da yawa da tsohuwar uwar maƙera suke farawa, wadda wani ya gama cin moriyarta, duk tsatsa, gefe a gutsure, tsakiya a lotse. Tambayoyin da suke yi kusan iri ɗaya ne, toh bari mu bi su.

Ta yaya zan gane ko tana da sauran rai ko kuwa gawa na ɗauko?

Ba da ido ake ganewa ba. Ka samu ɗan ƙwallon boris, irin mai ɗan girma, ka goge tsatsar fuskar tukuna saboda tsatsa tana shanye tsalle, sai ka sake shi daga tsayin kamar santimita 25 ka ga iya inda zai dawo. In ya dawo kashi 70 ko 80 cikin ɗari na tsayin da ka sake shi, toh ka yi dace, fuskar nan da taurinta. In ya faɗi ya yi ɗan tsalle ya kwanta kamar ka jefa shi kan katako, ko dai ƙarfen zubi ne mara kyau tun asali, ko kuma ta taɓa shiga gobara wuta ta kashe taurin. In babu boris ka ɗauki ƙaramar guduma ka riƙe ta sako-sako ka bar ta ta faɗa da kanta, hannunka zai gaya maka.

Sannan ka bi fuskar kaf kana ɗan ƙwanƙwasawa kana saurare. Yawancin tsofaffin nan jikinsu ƙarfe ne mai laushi, sai aka manna farantin ƙarfe mai tauri a sama da walda ta wuta. In ka zo wani wuri ka ji ƙarar ta canza, tana wani ɓar-ɓar kamar fasasshen kwano, farantin ne ya fara rabuwa da jiki a nan, kuma wannan shi ne babban ciwo. Amma fa kar ka yanke hukunci don kawai bata ƙara sosai, irin ƙirar kamfanin Fisher na Amurka jikinsu zubi ne fuskar kuma mai tauri, haka aka yi su basu da ƙara kuma suna aiki lafiya lau. Tsallen boris shi ne alƙali.

Fuskar ta lotsa a tsakiya kuma duk ƴan ramuka ne, in sa injin gurza in daidaita ta?

A'a. Don Allah a'a. Anan ne sababbi suke kashe abun da ya rayu shekara ɗari kafin a haife su. Farantin nan da na faɗa maka ba shi da kauri, sau da yawa bai wuce santimita ɗaya da ƴan kai ba tun yana sabo, kuma aiki ya riga ya ci wani abu daga ciki, taurin ma ya fi yawa ne a sama-sama. Duk abun da ka gurje ya tafi kenan baya dawowa, sai ka wayi gari da fuska mai sheƙi kamar madubi amma guduma ɗaya ta lotsa ta. Ni a ganina injin gurza ya fi guduma kashe uwar maƙera.

Lotsawar ma ba aibu bace yadda kake zato. In zaka miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe, a wurin lotsawar ne yake miƙewa da sauƙi, tunda sai ka ɗan wuce da shi kaɗan sannan ya dawo daidai, kan shimfiɗaɗɗiyar fuska kuwa sai ka yi ta fama. In kana son wuri mai daidai, yawanci can wajen wutsiya, wato siririn ƙarshenta na baya mai ramuka, bai ci aiki ba, ko ka aza ƙarfenka a gicciye. Ƙananan ramukan tsatsa kuma, burushin waya ya isa, sauran aikin zafaffen ƙarfe ne zai yi maka, ɓawon da yake zubarwa yana goge fuskar a hankali, bayan ƴan watanni zaka ga tana ƙyalli da kanta. Ka yi shekara guda kana aiki a kanta tukuna, in har lokacin akwai wani wuri da yake ɓata maka aiki da gaske, sai a yi magana.

Gefunan da suka gutsure fa, in kai wa mai walda ya cike?

Zafin walda yana kashe taurin wurin da ke kewaye, in kuma ba a ɗumama ta gaba ɗaya ba kafin a fara, ko aka sa sandar walda da bata dace ba, sai cikon ya tsage ya ɓalle da abun da ya fi na da girma. Masu iya wannan aikin akwai su amma ba kowane mai walda bane. Abun da zaka yi kawai, inda ya gutsure ya bar kaifi ka ɗan bi shi da magagari ko takardar gurza ya yi sumul don kar ya ci gaba da ɓantarewa. Gefe mai kaifi ma ba abun so bane a ƙira, yana yi wa ƙarfe tsaga a kusurwa, nan gaba kuma a wurin zai karye, shi yasa ko sabuwa ce maƙera suke ɗan dakushe gefenta. In wata rana kana buƙatar kusurwa mai kaifi, ka yi ɗan dunƙulen ƙarfe mai ƙafa ka zura a ramin nan mai kusurwa huɗu da ke kan fuskar wajen wutsiya, shikenan.

Na ga lambobi uku a jikinta, menene su?

In ta Ingila ce irin ƙirar kamfanin Peter Wright ko Mousehole, nauyinta ne a tsohon lissafinsu. Lambar farko ka ninka da laba 112, ta biyu da 28, ta uku ka ƙara yadda take. Misali 1 1 10 ya zama laba 150, kusan kilo 68.

A kan me zan ɗora ta, kuma yaya tsayi?

Gungumen itace mai nauyi a tsaye, ko ƙafa ta ƙarfe mai ƙwari, muhimmin abun dai a ɗaure ta tamau kar ta motsa. Wadda take rawa tana sace maka ƙarfin dukanka, ƙarama da aka kafe da kyau ta fi babba mai yawo. Tsayi kuma, ka tsaya ka saki hannu ka dunƙule, inda gaɓoɓin yatsunka suka tsaya nan ne tsohon ma'auni, amma wannan ya fi dacewa da aiki mai nauyi. Mai ƙananan aiki gara ya ɗaga ta zuwa wuyan hannu, in ba haka ba bayansa zai gaya masa. Gwaji mai sauƙi, aza falanki a kai ka buga, in shatin gudumar ya fito zagaye cif tsayin ya yi, in gefe ɗaya ya fi nutsewa sai ka gyara.

Ƙarar tana neman kashe min kunne.

Ɗauri mai kyau shi kaɗai yana rage fiye da rabin damuwar. Ka naɗa sarƙa a ƙugunta, ka manna babban maganaɗisu ƙarƙashin ƙaho, wato ɓangarenta mai tsini, ko wutsiya. Duk da haka ka toshe kunne, kuma tabarau na kariya dole ne, don ɓantaren ƙarfe mai tauri in ya tashi kamar harsashi yake.

Me zan kiyaye wajen aiki da kuma bayan na tashi?

Kar ka daki fuskar da guduma da ƙarfi babu komai a tsakani, tauri da tauri ne, ɗaya zai ɓantare. Ƙarfe in ya huce ya daina ja ka mayar da shi wuta, dukan ƙarfe mai sanyi wahalar banza ce gare ka da ita. In zaka yanka da kurfi, wato ƙarfen nan mai kaifi da ake bugawa da guduma, ka shimfiɗa wani guntun ƙarfe mai laushi a ƙasa, yawancin zanen da kake gani a tsofaffin fuskoki daga nan suka samo asali. Babbar guduma kuma a tsakiya ake amfani da ita inda nauyin yake, banda kan ƙaho ko wutsiya, wutsiyar siririya ce ga ramuka biyu a jikinta, da yawa a nan suke karyewa. Ga mai koyo guduma mai kilo ɗaya ta wadatar, da ita zaka koyi saiti, kuskuren duka kuwa shi yake gutsure gefe. In gari ya yi sanyi sosai ka ɗora mata zafaffen ƙarfe ta ɗan ɗumama kafin ka fara, in ba haka ba zata dinga shanye zafin aikinka nan da nan. Ka tashi aiki ka share ɓawon, ka shafa ɗan mai da tsumma, ka rufe ta kar ruwa ya kwana a kai. Jikin zaka iya yi masa fenti in kana so, fuskar dai ka bar ta haka.