Eksozom a matsayin abin ɗaukar maganin kashe bakin ƙwayar gado

Eksozom wasu ƴan mitsi-mitsin jakunkuna ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa cikin jini, da fitsari, da yawu, da madarar uwa. Faɗinsu yakan kama daga nanomita 30 zuwa 150 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), fatarsu kuma ta kitse ce mai ruɓi biyu irin ta ƙwayar da ta fitar da su. Suna daga cikin dangin jakunkunan da ke yawo a wajen ƙwayoyin halitta, kuma masu bincike suna ƙoƙarin ɗora musu maganin da ke hana wata ƙwayar gado yin aiki, su kai shi inda ciwo yake.

A 1983 ne aka fara ganinsu a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba. Rose Johnstone ta raɗa musu sunan a 1987, aka daɗe ana ɗaukarsu shara ce kawai da ƙwaya ke zubarwa. Sai a 2007 Jan Lötvall da abokan aikinsa na Gothenburg a Suwidin suka nuna cewa suna ɗauke da RNA, wato sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado, daga wata ƙwaya zuwa wata.

Maganin da ake so a ɗora musu

Ƙwayar gado ba ta ƙera furotin da kanta. Takan aika saƙo ne, wani nau'in RNA da ake kira mRNA, a karanta a ƙera furotin ɗin. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka gano a jikin wata ƴar tsutsa cewa RNA mai igiya biyu yana sa a lalata wannan saƙo kafin a karanta shi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2006. Guntun RNA da ake amfani da shi a matsayin magani, siRNA, haruffansa ba su wuce 21 zuwa 23 ba. Amma in an zuba shi tsirara cikin jini, sinadaran jinin suna narkar da shi, ƙoda ta tace saura.

An samu mafita ta wani ɓangare. Patisiran, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, ana nannaɗe shi cikin ƙwallayen kitse na roba. Inclisiran, mai rage kolestarol, allura ce sau biyu a shekara. Dukansu a hanta suke aiki, domin can ne irin waɗannan magunguna ke taruwa. Ƙwaƙwalwa da pankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) da ƙari mai zurfi kuwa suna da wuyar kaiwa, kuma nan ne eksozom ya ja hankali.

Yadda ake sa musu adireshi

Gwajin da ya fi burgewa shi ne na 2011 a Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Matthew Wood. Masu binciken sun ɗauki wani guntun furotin na ƙwayar cutar haukan kare, wanda ke manne wa jijiyoyi, suka haɗa shi da furotin Lamp2b da ke jikin fatar eksozom. Suka cusa siRNA ciki da ɗan bugun lantarki, suka yi wa ɓeraye allura a jijiyar jini. Saƙon ƙwayar gadon BACE1, mai alaƙa da ciwon mantuwa na Alzheimer, ya ragu da kashi 60 cikin 100 a ƙwaƙwalwarsu. Abin tamkar saƙon da aka danƙa wa direban da ƴan shinge suka saba da fuskarsa ne: ya wuce ba a tsayar da shi ba.

A 2017 Raghu Kalluri na cibiyar MD Anderson a Houston ya yi irin haka da KRAS G12D, gurɓacewar gadon da ke hura wutar sankarar pankiriyas. Furotin CD47 da ke jikin jakunkunan ya taimaka wajen hana sojojin jiki haɗiye su, ɓerayen kuma suka ƙara kwana. Daga baya aka shiga gwajin matakin farko a kan mutane.

Abin da ya rage

Har yanzu babu maganin eksozom ko ɗaya da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Bugun lantarkin yakan sa siRNA ya dunƙule maimakon ya shiga ciki, tace jakunkunan da yawa yana da tsada, kuma kaso mai yawa yana ƙarewa a hanta duk da adireshin. A Disamban 2019 hukumar ta yi gargaɗi bayan wasu majinyata a Nebraska sun kwanta sakamakon allurar eksozom marar izini; wannan ya isa dalilin guje wa masu tallarsa a intanet.

Ga Damagaram akwai ƙarin cikas. Ana ajiye eksozom ne cikin sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wuta kuma tana ɗaukewa. Shi ya sa binciken busar da su su zama gari ya fi shafar Babban Asibitin Zinder fiye da na Turai. Haka ma binciken da ake yi kan eksozom na madarar shanu, mai arha kuma mai jure ruwan ciki, ya dace ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou su bi shi sau da ƙafa, ko da yake shan nono shi kaɗai ba ya kashe bakin kowace ƙwayar gado mai cuta.